Amsa ga mai neman digiri na uku a kimiyyar ayon a Jamus

Assalamu alaikum, ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na fahimci inda ka dosa: kana son yin digiri na uku a nan Jamus kan na'urorin da ke auna nauyin ƙwayoyin sinadari, ka kuma jera furofesoshi uku bisa yawan ambaton da takardunsu suka samu, kana tambaya ko na saman shi ne ya fi tasiri.

A ganina wannan ma'aunin bai wadatar ba a fanninmu, kuma aikin Wolfgang Paul na Jami'ar Bon ya ishe mu hujja. Ka san tushen abin: ana ɗora wa ƙwaya cajin lantarki ta zama ayon, sannan a rarrabe su gwargwadon nauyin kowace idan an raba shi da cajinta. Tun daga na'urar da Francis Aston ya ƙera a Kambirij a 1919, maganaɗisu aka fi dogara da shi wajen lanƙwasa hanyar ayon. A 1953 Paul da Helmut Steinwedel suka nuna cewa sandunan ƙarfe huɗu, idan aka ba su lantarki tsayayye haɗe da mai jujjuyawa da sauri, za su iya yin aikin rariya, ta yadda ayon mai nauyin da ake nema zai ratsa ta tsakiya, sauran kuwa su yi ta tangaɗi har su bugi sanduna. Daga wannan tunanin ne aka samu tarkon da ke riƙe ayon a sarari ba tare da ya taɓa komai ba. Paul ya kwatanta shi da ƙwallo a kan sirdi: in sirdin yana tsaye sai ƙwallon ya gangara ta gefe, amma in ana juya shi da saurin da ya dace, kafin ya zame gangaren ya riga ya zama hawa, sai ya tsaya a tsakiya.

Sai a 1989 aka ba shi kyautar Nobel, tare da Hans Dehmelt da Norman Ramsey, wato bayan shekara 36. Yau waɗannan sandunan suna cikin na'urorin da ake gwada ɗigon jinin jarirai da su don gano cututtukan gado, da waɗanda ake kama 'yan wasa masu shan ƙwayoyin ƙara kuzari, har ma da motar bincike ta Curiosity da ta sauka a duniyar Mars a 2012. Mafi yawan masu amfani da su ba sa ambaton sunan Paul a takardunsu, kamar yadda mai ɗinki ba ya ambaton wanda ya ƙera allura. Haka ma Alexander Makarov, ɗan Rasha da ya ƙirƙiro Orbitrap, wani tarkon ayon da ke auna nauyinsu: a kamfani ya yi aikin, na'urar ta shiga kasuwa a 2005, kuma masu nazarin furotin ne suka fi cin moriyarta.

Saboda haka, tambayar da ta fi amfani ita ce: me malamin ya gina, su wa ke aiki da shi a wajen ɗakin bincikensa, kuma ina ɗalibansa suka ƙare? Ka rubuta wa biyu daga cikin tsoffin ɗaliban nasa, domin su ne za su gaya maka ko ana barin ɗalibi ya kwance na'ura da hannunsa, ko kuwa danna maɓalli kawai ake yi.

Wannan batun hannu ba ƙarami ba ne. A shekarata ta farko na taɓa wani ƙarfe na cikin tarko ba tare da safar hannu ba, na ɗaure komai, aka shiga zuƙe iskar da ke cikin akwatin tarkon. Kwana uku ma'aunin matsin iska ya ƙi sauka inda ake so. Na bi mahaɗun ɗaya bayan ɗaya ina fesa iskar hiliyom don neman ɓula, alhali maiƙon yatsana ne ke ta fitar da tururi a ciki. Sai da aka kwance, aka wanke, aka sake gasa akwatin na kwanaki, ni kuwa kunya ta hana ni haɗa ido da ma'aikacin da ya gano dalilin.

Kafin ka nemi gurbi, ka ƙarfafa kanka a ilimin lantarki da maganaɗisu, ka zauna da lissafin Mathieu, wanda ke bayyana motsin ayon tsakanin sandunan, har ka iya zana iyakar da ayon ke tabbata a cikinta, ka kuma koyi Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta. Yawancin guraben digiri na uku a fiziks a nan aiki ne mai albashi da kwantiragi, kuma malami ne ke zaɓar ɗalibinsa, sannan akwai tallafin DAAD, hukumar musayar ilimi ta Jamus. Ka karanta takardu biyu na kowane malami, ka rubuta wasiƙar da ke nuna ainihin gwajin da ya ja hankalinka, ka turo mini in duba kafin ka aika.