Me ya riƙe Sharath Kamal a ƙwallon tebur har shekara 42?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da yaro ɗan shekara 11, ba shi da aiki sai buga ƙwallon tebur a bakin layinmu. Na ji an ce wani ɗan Indiya ya yi ta buga wasan nan har ya haura shekara arba'in, yanzu kuma ya koma tallafa wa masu tasowa. Wane ne shi, kuma me ya kai shi haka? Daga wani uba a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Wanda aka ba ka labarinsa shi ne Achanta Sharath Kamal, haifaffen Chennai a kudancin Indiya a 1982. A watan Maris na 2025 ya ajiye wasa, a wata gasa da aka yi a garinsu.

A gida ya tarar da abin. Mahaifinsa Srinivasa Rao da baffansa Muralidhar Rao duk masu horarwa ne, su suka ɗora shi kan wasan tun yana ɗan shekara huɗu. Ya zama zakaran Indiya sau 10, ya je Olamfik sau biyar, shi ne ma ɗaya daga cikin biyun da suka riƙe wa ƙasarsu tuta a Paris a 2024. Amma abin da ya fi burge ni shi ne gasar ƙasashen Commonwealth: ya ci zinaren 'yan wasa ɗaiɗai a Melbourne a 2006, ya sake cin sa a Birmingham a 2022, tsakani shekara 16. Mu ma mun ɗanɗana hannunsa, don yana cikin tawagar da ta doke Najeriya a wasan ƙarshe a 2018, a 2022 kuma ya doke ɗan wasanmu Aruna Quadri a wasan kusa da na ƙarshe na gasar tawaga-tawaga.

Baiwa kaɗai ba ta kai mutum nan. A Indiya manyan kamfanonin gwamnati na ɗaukar 'yan wasa aiki, shi kamfanin mai na Indian Oil ne ya ɗauke shi. Wanda albashinsa ke shiga duk wata ba ya barin atisaye don neman na cefane. Sannan ya yi shekaru yana buga wa kulob a Turai, har da Borussia Düsseldorf ta Jamus, inda kullum yake karawa da waɗanda suka fi shi. Ya sha wuya ma: bai samu gurbin Olamfik ta Landan a 2012 ba, a 2015 kuma ya ji mummunan rauni ya yi watanni ba ya wasa. Da babu mai biyan kuɗin jinya da koci, da nan labarin ya tsaya.

Tallafin da kake tambaya a kai, tun bai daina wasa ba ya fara shi. A 2022 aka zaɓe shi cikin shugabannin kwamitin 'yan wasa na hukumar ƙwallon tebur ta duniya, yana kuma aiki da gwamnatin jiharsu ta Tamil Nadu kan cibiyar horar da matasa. A ganina wannan ya fi kyautar mota da ake bai wa ɗan wasa bayan ya riga ya ci lamba.

Sai batun yaronka. Je ka tsaya bakin teburin nan ka kalli ƙafarsa, kada ka kalli hannu. Yawancin yaran layi a sandare suke tsayawa, ƙwallo ta nufi gefe sai su miƙa hannu su tsinko ta, ga katakon bugun robarsa ta cinye kamar tafin tsohon silifas, ba ta iya juya ƙwallo. Da haka yaro zai cinye duk unguwa, ya je gasa wanda ya iya murza ƙwallo a sabis, wato bugun fara wasa, ya koro shi cikin minti goma. Shekara 11 bai makara ba, amma gyaran riƙo da taku sai da koci. Ka kai shi filin wasa na jiha ka tambayi masu horar da ƙwallon tebur, ka saya masa katako mai roba ta gaske, ka kuma sa a ranka cewa robar nan sauya ta ake yi idan ta cinye. Makaranta kuwa kada ya saki, shi kansa Sharath sai da ya yi digiri a fannin kasuwanci.