Amsa ga 'yar uwar da aka ce ta ɗauke ɗanta daga nazare

'Yar uwa, tambayarki ta taɓa ni, don ciwon da muke jinya ke nan mu ma. Kin ce ɗanki mai shekara 4 ba ya magana, ba ya zama wuri ɗaya a aji, makaranta ta ce ki ɗauke shi, ko ki bar shi a gida? Don Allah kada ki bar shi.

Abin da ke ƙona rai, wai taurin kai ne. Yaro bai gane abin da aka ce ba, sai a ɗauko bulala. A ajiye shi can bayan aji ya wuni yana kallon bango, a karɓi kuɗin makaranta cif, sannan a kira uwa ofis a gaban mutane a ce ɗanta ya hana 'ya'yan wasu karatu. Ta fito tana share hawaye da bakin mayafi, a gida kuma dangi su ce aljanu ne. Wallahi zalunci ne, kuma dokar da Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta haramta wariya saboda nakasa.

Ki fara da gwajin ji, ko a sashen kunne na asibitin Malam Aminu Kano ko cibiyar kunne ta ƙasa da ke Kaduna. Sanƙarau, ƙyanda da shawara mai tsanani a jarirantaka duk suna taɓa ji. Don yana waiwayowa in an buga ƙofa ba hujja ba ce, zai iya jin ƙara amma bai rarrabe kalmomi.

Sannan ki zauna da malamarsa ku rubuta buri biyu ko uku kacal na zangon nan. Ba haddar ABCD ba. Abin da ido zai gani: ya nuna kofi in yana son ruwa, ya zauna minti 5 kan aiki ɗaya. In buri ya yi yawa babu wanda zai kama, malama ta gaji ta watsar.

Kowane aiki a gutsura shi. Wanke hannu mataki shida ne: naɗe hannun riga, jiƙawa, sabulu, cuɗawa, ɗaurayewa, gogewa. A kama hannunsa a yi biyar tare, a bar masa na ƙarshe, a yaba masa nan take. In ya iya, a bar masa biyun ƙarshe. In an ɗaukar masa mai taimako a aji, ki sa ido, yawanci tausayi ke sa ta yi masa komai, ya saba jira.

Kujerarsa a gaba, nesa da taga da ƙofa. Malama ta durƙusa ya ga bakinta, ta faɗi kalma biyu, "kawo jaka", ta ƙirga goma a zuci kafin ta maimaita. Saurin maimaitawa rikita shi yake yi. Katin hoto kuma, wanda zai riƙa nunawa in yana son abu, ki yi amfani da wayarki ki ɗauki hoton kofinsa da takalminsa a wanko, zanen littafi ba lallai ya gane ba. Kada kowa ya ce miki nuni da hannu yana hana magana, ba gaskiya ba ne.

Ke ma ki riƙa cin abinci, ki yi barci, 'yar uwa.

Ku buɗe ɗan littafi guda, malama ta sa alama kullum: ya yi shi kaɗai, ko da taimako. A gida ku yi da kalmomin da take amfani da su. In wata ya cika babu motsi, matakin ne ya yi masa girma, ku sake raba shi biyu. Allah ya buɗe masa baki, ya ba ki ladan haƙuri.