Me ya sa fentin kabad ɗina ya bushe da layi-layi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi wa tsohon kabad ɗina fentin mai da burushi, sai ya bushe da layi-layi, wani wurin ma ya zubo ya daskare. Ko rola zan saya? Daga wata mai karatu, Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Rola za ta taimaka, amma ina kyautata zaton an labta fentin ne da kauri a shafi ɗaya, aka kuma yi ta komawa kansa bayan ya fara kamawa. Iskar Katsina busasshiya ce, balle da hunturu. Fenti kan kama kafin ya baje, duk inda gashin burushi ya bi sai ya bar sawu.

Ki bari ya bushe sarai, sannan ki goge da samfefa lamba 120 mai kaushi har tudun ya kwanta, ki bi da 220 wadda ta fi ta laushi. Ramin ƙusa ki cike da foti, wato kwaɓin da ake cike ramin katako da shi. Ki share ƙurar da ɗan danshin tsumma. Inda katako ya fito tsirara sai an yi masa shafin ƙasa, wato fentin share fage da ake fara shafawa kafin ainihin fentin, in ba haka ba zai shanye fentin, wurin ya dushe.

Ki juya fentin sosai, ki ɗan sirka da tina, ruwan tsinka fenti, gwargwadon abin da aka rubuta a gwangwanin, ki tace da tsohon ƙyalle. Ƙaramar rola ta soso ce ta katako, mai gashin nan ta bango ce. Kusurwoyi da burushi, faffaɗan wuri da rola. Tun yana ɗanye ki ja bakin burushi a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, kina bin tsawon katakon, sau ɗaya tak. Daga nan ki cire hannu, ko kin hango ɗan gibi. Shafi na gaba zai rufe shi.

Shafi biyu ko uku marasa kauri nake so, kwana guda a tsakani, da gugar samfefa 320 sama-sama. Ƙofofin ki kwance su ki shimfiɗa a ƙasa, fentin ba zai zubo ba. Ki yi aikin da safe, a inuwa, inda iska ke shiga, nesa da murhu domin tina na kama wuta. Ki yayyafa ruwa a tsakar gida ƙura ta kwanta kafin ki buɗe gwangwani.