Ƙaramin madabod ko babba?

Malam, ka ce kana son haɗa kwamfutar gyaran bidiyo, ka rasa wanda za ka saya tsakanin ƙaramin madabod (allon da ake jona duk kayan kwamfuta a kansa), wato Mini-ITX, da babba, wato ATX. Ɗauki ATX, in kuɗin bai kai ba ka nemi microATX, matsakaicin da ke tsakaninsu. Mini-ITX santimita 17 ne ta kowane gefe, ramin RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) biyu gare shi, na katin girafik (mai sarrafa hoto da bidiyo) ɗaya, ka cika su shi ke nan. ATX kuwa yawanci ramin RAM huɗu ne, ka sa biyu yau, in Allah ya hore ka ƙara.

Ni zafi ne ya raba ni da ƙaramin. Na taɓa haɗa wa ƙanena irinsa a Kano, bai fi kwalin takalmi ba. Da bazara ta kama sai fanka ta dinga kuka kamar injin markaɗe, aiki yana tafiyar hawainiya. Na buɗe, ƙurar hunturu ta toshe ko'ina, ga wayoyi cunkus, yatsa ma da ƙyar yake shiga. In kana da na'urar sanyaya ɗaki kuma wuri ya matse ka, to ƙaramin ba laifi.