Ƙanena ya ƙi hura na'urar gwajin barasa, mai motar kuma ya ce zai janye ƙara

Tambaya: Barista, 'yan sanda sun kama ƙanena da daddare bayan ya bugi wata mota ta baya. Ba wanda ya ji rauni. Sun ce ya hura na'urar gwajin barasa, ya ƙi. Yanzu an ba da belinsa, mai motar kuma ya ce in muka biya shi zai janye ƙara. Tunda ba a yi gwaji ba, ai ba su da hujja ko?

Amsa: Malama, ban ga takardar tuhumar ba, dokoki kuma sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka ki ɗauki maganata a matsayin share fage kafin ku zauna da lauyan da zai duba takardun. Amma ina jin tsoron kun gina lissafinku a kan abin da ba haka yake ba.

Ƙin hura na'urar nan ba kasafai yake ceton direba ba. A ƙasashe da yawa shi kansa laifi ne mai zaman kansa. A Ingila, wanda ya ƙi ba da numfashi ko jini a ofishin 'yan sanda ba tare da uzuri ba, ana hana shi tuƙi na aƙalla wata 12, daidai da wanda aka gwada aka same shi da laifi. A Amurka ana ɗaukar wanda ya hau titi da mota kamar ya riga ya amince da gwajin, in ya ƙi sai a dakatar da lasisinsa. Don haka ki tambayi ƙanenki, a bakin titi ya ƙi ko a ofis? An gargaɗe shi da abin da zai biyo baya? Yana da ciwon ƙirji da zai hana shi hurawa? Nan ne lauya zai iya samun abin kamawa, in akwai.

Sannan na'ura ba ita kaɗai ce shaida ba. Warin baki, tangaɗi, karyewar harshe, hoton bidiyo, da hatsarin kansa, duk kotu na iya saurarensu. Kada kuma ya dogara da cewa bai ji maye ba. Doka adadi take dubawa: miligiram 80 na barasa a cikin mililita 100 na jini a Ingila da mafi yawan jihohin Amurka, 50 a Faransa da Jamus, 20 a Suwidin. Mutum kan haura wannan alhali yana jin kansa garau.

Batun mai motar kuwa, gaskiya alkawarinsa bai kwanta mini ba. Yana sayar muku da abin da ba nasa ba ne. Tuƙi cikin maye laifi ne tsakanin direba da hukuma, mai gabatar da ƙara ne ke da ikon ci gaba ko janyewa. Haƙƙin mai mota shi ne gyaran motarsa, iyakarsa ke nan. Ina ba da shawarar ku yi sulhu da shi a kan wannan, domin alƙali na iya duba hakan wajen sassauci. Amma a sa bakanike ya ƙiyasta ɓarnar, a sanar da kamfanin inshora tukuna, a rubuta yarjejeniya ta hannun lauya, a karɓi rasit. Kada a rubuta, kada ma a furta, cewa kuɗin na hana shi ba da shaida ne. Wannan kan iya zama sabon laifi a kanku duka, har da ke.

Sauran tafiyar sananniya ce: a gurfanar da ƙanenki, a karanta tuhuma, ya amsa ko ya musanta, in ya musanta a sa ranar sauraron shaidu. Idan lauya ya duba ya ga hujjar ta yi ƙarfi, mai yiwuwa amsa laifi da wuri, ko tattaunawa da mai gabatar da ƙara inda doka ta yarda, ya fi masa jayayya mai tsawo. Ga wanda bai taɓa laifi ba kuma ba a ji rauni ba, galibi tara ce da dakatar da lasisi, sai dai ba zan yi miki alkawarin babu ɗauri ba.

Kafin nan, kada ya ƙara ba da wani bayani sai lauyansa na wurin, kuma kada ya kuskura ya ƙi zuwa kotu ranar da aka sa. In ya ƙi, za a iya soke belin, a kuma waiwayi wanda ya tsaya masa.