Injin tuƙi ya sa ni ciwon ƙugu, shin na lalata bayana?

Tambaya: Malam, wata guda ke nan ina hawan injin tuƙin kwalekwale a wani ɗakin motsa jiki a Bukoki, nan Yamai. Da safe sai na dafa bango kafin in miƙe, saboda ciwon ƙugu. Mai kula da wurin ya ce aiki ne ke shiga jiki, in bar lambar da ke gefen fankar injin a kan 10. Hankalina ya tashi.

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka, amma ka huta kwana kaɗan. In ciwon yana sauka cikin ƙafa, ko ƙafar tana mutuwa, ka je wurin likita yau, kada ka jira.

Maganar 10 ɗin nan kuwa, na gaji da jin ta. Wannan ƙaramin abin da ake matsawa a kan lambobin gefen fanka iska kawai yake buɗe wa hanya. In ka kai shi 10, iska ta cika, fankar ta yi nauyi, kamar kwalekwalen da aka jibga wa buhunan albasa a bakin kogi. Kamfanin Concept2, mai ƙera irin wannan injin, da kansa tsakanin 3 da 5 yake ba da shawara. Amma a wurinmu samari sun mai da 10 abin nuna jarumta, ana fizga da hannu, baya a tanƙware kamar lauje, ana nishi don a ji. Mai wurin kuma yana tsaye yana cewa "haka ne, ƙara!" Wanda bai san aikin ba ya zama malami don kawai yana da ƙirji. Ƙarshenta wani ya miƙo maka tramol, ciwo ya ɓuya, rauni na ci gaba. Gajiyar cinya daban, sukar ƙugu daban.

Ƙafa ce mai aikin. Ka tura da ƙafafu tukuna, hannaye a miƙe, baya a tsaye. In gwiwoyi sun kusa miƙewa sai ka ɗan jingina baya, sannan ka jawo sandar da kake riƙe da ita zuwa ƙasan haƙarƙari. Komawa kuma hannu ne farko, sai gangar jiki, sai gwiwa. Kada ka ɗaga gwiwa kafin sandar ta wuce ta. Komawar ta ɗauki kamar ninki biyu na lokacin turawar.

Ka fara da minti 10 a lamba 4, tuƙi 20 zuwa 24 a minti, ka duba allon injin. Ka sa wani ya ɗauke ka da salula ta gefe, za ka ga inda bayanka ke lanƙwashewa.