Ido Huɗu Ko Ido Biyu? Amsoshin Tambayoyinku Kan Kyamarar Waya

Assalamu alaikum. Saƙonnin da suka taru mana a wannan makon kusan duk magana ɗaya suke yi: wace waya ce ta fi ɗaukar hoto. Na zaɓi huɗu na taƙaita su, domin amsarsu za ta wadatar da sauran.

Ta farko daga wata Hajiya ce a Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina. Ta ce: "Ina sayar da atamfa da leshi daga gida, a sitatus ɗin WhatsApp nake tallata su. Matsalata launi ce. Sai in ɗauki leshi ruwan ƙasa ya fito ruwan goro, mai saye ta zo ta ce ba shi ta gani ba. Na je canza waya, mai shago ya nuna mini biyu masu kuɗi kusan ɗaya: mai ido huɗu da megafiksel 108, da mai ido biyu da megafiksel 50. Ya ce in ɗauki mai 108. In ɗauka?"

Hajiya, Allah ya sa albarka a kasuwa. Kada ki ɗauka saboda lambar nan kawai, domin ba ita za ta gyara miki launi ba.

Megafiksel ɗaya na nufin ƙananan ɗigo miliyan ɗaya da ke haɗuwa su zama hoto. A bayan gilashin kyamara akwai wani ɗan faranti da ake kira sensa, shi ke karɓar haske, kuma ɗigon nan duk a kansa suke. Kamar tarar ruwan sama ne: ƙananan kofuna 108 da aka jera a kan tabarma ba za su tara ruwan da ya wuce na kwanuka 12 da suka cika tabarmar nan ba. Faɗin tabarmar shi ne magana. Kamfanonin ma sun san haka, shi ya sa wayar mai 108 takan haɗe ɗigo tara su zama ɗaya, ta ba ki hoto mai megafiksel 12, ita kuma mai 50 ta haɗe huɗu-huɗu ta ba ki 12 da rabi. Ke nan hoton da zai sauka a cikin wayarki kusan girmansa ɗaya ne a duka biyun. iPhone tun daga 6s a 2015 har zuwa 13 a 2021 megafiksel 12 take da shi a babbar kyamararta, kuma ba a ji masu ita suna kuka da hoto ba.

Maganar idanu ma haka. A wayoyi masu matsakaicin kuɗi, ido ɗaya ne ke yin kusan duk aikin. Ki karanta jikin kwalin: in kika ga an rubuta 2MP a gaban ido na uku da na huɗu, to ɗaya na ɗaukar abu ne dab da dab, ɗayan na auna nisa ne don a dusashe bayan mutum. Ba abin da za su ƙara wa atamfarki.

Launi kuwa abu biyu ne ke ɓata shi, haske da manhajar wayar. Kwan lantarki mai ruwan ɗorawa yana jan kaya zuwa ja, farin kwan nan na zamani yana jan su zuwa shuɗi, wayar kuma sai ta yi ta lalube tana neman abin da ya kamata ya zama fari. Sannan wayoyi da yawa suna ƙara wa launi armashi da kansu don hoto ya burge. Mai ɗaukar fure ko faɗuwar rana zai ji daɗin wannan, amma ke da za a riƙe ki da abin da aka gani, cutarwa ce. Ki buɗe kyamara ki kashe alamar AI da duk wata filta. Ki fito da kayan tsakar gida, cikin inuwa, da hantsi ko bayan la'asar, ki shimfiɗa su a kan farin zanin gado. Farin nan shi zai taimaki wayar ta gane sauran launukan. Ki taɓa tsakiyar atamfar a sikirin, in ta yi haske da yawa ki ja ɗan hoton ranar da zai bayyana zuwa ƙasa kaɗan.

In kin koma shagon, ki tafi da yadi biyu da suka fi ba ki wahala, musamman ja da shunayya, su ne wayoyi suka fi rikitawa. Ki ɗauke su da kowace waya a bakin ƙofar shago, sannan ki tura hotunan biyu zuwa tsohuwar wayarki ta WhatsApp, ki ɗora yadin kusa da ita ki duba. Kada ki yanke hukunci a sikirin ɗin sabuwar waya, domin akwai sikirin da ke ƙawata hoto, kuma masu sayenki ba da shi za su kalla ba. Wadda ta fi faɗin gaskiyar yadin, ita ce taki, ko da ido ɗaya gare ta. WhatsApp yana matse hoto don ya rage cin data. Tun 2023 akwai alamar HD a saman hoton kafin ki tura, kuma in mai saye tana son ganin zaren leshi sosai, ki tura mata a matsayin dokumen, zai isa yadda kika ɗauke shi.

Tambaya ta biyu daga wani ɗalibi ne a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua: "Kuɗin da na tara za su saya mini iPhone 11 ko 12 ta hannu, ko kuma sabuwar Tecno Camon, Infinix, Redmi ko Samsung A a kwali. Hoton kaina da na abokai nake so, da ɗan bidiyo. Abokaina sun ce in ba iPhone ba duk shirme ne."

Ƙanena, abokanka sun faɗi rabin gaskiya. A bidiyo, iPhone 11 da ta fito tun 2019 har yau tana ba sababbin wayoyi da yawa ruwa. Hotonta ba ya rawa in kana tafiya, haske ba ya tsalle in ka juya daga inuwa zuwa rana, kuma abin da ka ɗora a TikTok ko Instagram yakan fita da kyau. In bidiyo ne sana'arka ko kana shirin mayar da shi sana'a, ka karkata can.

Amma a hoton fuska da rana, tazarar ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Tecno da Infinix da itel duk na kamfani ɗaya ne, Transsion, da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da suka kama kasuwar Afirka da su shi ne daidaita kyamara ta fitar da baƙar fata. Tsofaffin wayoyi da yawa sukan auna haske da farar riga ko sararin sama, fuskar mutum ta tafi cikin duhu. Google ma sai a 2021 ta fito da nata tsarin na gyara wannan, Real Tone, a Pixel 6. Abin da ba na so, kuma ina faɗa da babbar murya, shi ne yadda wasu wayoyin ke zuwa da gyaran fuska a kunne tun daga kwali. Su goge fata ta koma sumul, su ƙara mata fari, mutum ya dubi hotonsa ya fara ganin laifin fuskar da Allah ya ba shi. Na ga yara 'yan mata da ba sa yarda a ɗauke su da wayar da ba ta yi musu haka, kuma abin yana damuna ƙwarai. Duk wadda za ka gwada, ka fara kashe gyaran fuskar, ka sa abokinka mafi duhun fata ya tsaya da farar shadda a bakin rana. In fuskarsa ta fito da launinta, shaddar kuma ba ta ƙone ta zama fari fat babu zane ba, kyamarar ta ci jarrabawa.

Sai kuma abin da ke tattare da ta hannu. Batirinta ya sha aiki, don haka ka shiga saiti ka duba lafiyarsa, in ya sauka ƙasa da kashi 80 ka sa kuɗin canza shi cikin lissafi. iPhone ba ta ɗaukar memori, mai 64GB kuwa bidiyo zai cika ta kafin zangon karatu ya ƙare. Ka tabbatar mai ita ya cire asusunsa na iCloud a gabanka. Daga iPhone 12 zuwa sama, wayar takan nuna a cikin saiti in an canza mata kyamara da wadda ba ta asali ba, ka duba wurin. Ka karɓi rasit mai lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, kada ka sayi wayar sata ka sayi fitina. Sabuwa a kwali kuwa tana da garanti, galibi batirinta ya kai 5000mAh, na iPhone 11 kuma bai wuce 3,100 da 'yan kai ba tun tana sabuwa. Ga ɗalibin da ke neman inda zai yi caji, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Ni in hoto ne kawai da hira, sabuwar zan ce ka ɗauka.

Na uku wani magidanci ne daga Daura: "Hotunan yarana da daddare duk a dagule suke fitowa. Haka ranar Hawan Magajiya da Sallar Gani, in na jawo dawakai daga nesa sai hoton ya farfashe. Wace waya ce za ta magance mini duka biyun?"

Malam, matsala biyu ce, kowace da maganinta, kuma ɗaya ba ta buƙatar ko sisi.

In haske ya yi ƙaranci, kyamara takan ɗan daɗe a buɗe don ta tara shi. Duk abin da ya motsa a wannan ɗan lokacin, hannunka ko yaron, zai bar jirwaye. Wayar da aka rubuta OIS a kwalinta tana da wata 'yar na'ura da ke motsa gilashin don ya rama rawar hannu, kuma in za ka ƙara kuɗi a kan abu ɗaya a kyamara, a kan wannan za ka ƙara. Ya fi maka amfani a kan ƙarin ido biyu. Sai dai rawar hannunka kawai yake gyarawa, ba ya riƙe yaro. Tsarin ɗaukar hoton dare shi ma hotuna da yawa yake ɗauka cikin 'yan daƙiƙu ya haɗe su, don haka ya dace da masallaci ko ƙofar gari, ban da ɗan shekara uku da ba ya zama wuri ɗaya. Maganin yara ƙarin haske ne. Ka kunna fitilar caji ka haska bango ko silin, kada ka haska idonsu, hasken zai dawo a kansu a hankali. Ka ɗauka sau da yawa a jere ka zaɓi ɗaya. Filashin waya kuwa ka bar shi sai dole, yana sa goshi ƙyalli, baya kuma ya yi baƙi ƙirin.

Dawakai kuma, yawancin wayoyi ba jawo su suke yi ba. In ka buɗa yatsu biyu a sikirin, yanko tsakiyar hoton kawai wayar take yi ta kumbura shi, shi ya sa yake farfashewa. Jawowa ta gaskiya sai da ido na musamman, wanda za ka ga an rubuta 3x ko 5x a bayaninsa, kuma irin wannan yawanci a manyan wayoyi masu tsada ake samu. Ban ga hikimar ninka kuɗin waya saboda kwanaki kaɗan a shekara ba. A nan ne ma mai megafiksel 50 ko 108 take da rana: da hasken rana tsaka, ka zaɓi cikakken megafiksel ɗin a cikin kyamara, ka ɗauka a 1x, wato ba tare da jawowa ba, daga baya ka yanke wurin da kake so. Kada ka wuce 2x. Ka je ƙofar fada da wuri ka sami gefen da rana ke bayanka, domin in tana gabanka, ƙurar da dawakai suka tayar za ta sha hasken, jajayen rigunan dogarai da adon sirdi duk su koma toka-toka. In bidiyo za ka yi, 1080p ya ishe ka. 4K ɗigonsa ya ninka nasa sau huɗu, yana cika waya, yana kuma sa ta zafi a rana har ta tsaya da kanta a daidai lokacin da sarki ya fito.

Ta ƙarshe wata baiwar Allah ce daga unguwar Ƙofar Marusa, ta ce wayarta ba ta shekara ba, amma tun da hunturu ya shigo hotunanta sun yi hazo-hazo, fitilu kuma suna fitar da dogayen jela da daddare. Tana tambaya ko kyamarar ce ta mutu.

'Yar'uwa, da wuya. Mai ne ya hau gilashin. Lokacin sanyi kowa yana shafa basilin, yatsa ya taɓa idon kyamara, ƙura ta zo ta manne a kai. Ki fara hure ƙurar, sannan ki goge da ƙyalle mai laushi irin na tabarau, kada ki murza da bakin mayafi mai duwatsu ko aiki, zai karce shi. In kin manna wa idon ɗan gilashin kariya, ki cire ki gwada, masu arha da yawa su ne ke jawo jelar fitilun nan. In kin yi duk wannan hazon bai tafi ba, ki haska idon da tocila ki duba ko ƙura ko raɓa ta shiga ciki. In ta shiga, kada ki bari a buɗe miki wayar a bakin hanya tunda garantinta bai ƙare ba. Ki ɗauki rasit ɗinki ki kai ta ofishin gyara na kamfanin, na Tecno da Infinix da itel shi ne Carlcare.